Darasi: Karen Da Ke Bin Masu Babur A Unguwa, Da Abin Da Ya Kamata Mu Yi



A zaman da muka yi da shugabannin unguwanni kwanan nan, ƙorafi ɗaya ya yi ta maimaituwa. Akwai karen da ke kwanciya a bakin hanyar da ta nufi famfo, da zarar ya ji ƙarar babur sai ya taso da haushi ya bi shi. Wani ɗan kabu-kabu ya kai masa shuri yana cikin gudu, babur ya ƙwace masa a cikin rairayi, shi da matar da ya ɗauko suka zube. Matar ta gurje gwiwa, shi kuma ya yi kwanaki bai fita aiki ba, gidansa ya rasa kuɗin cefane. Wata yarinya ma karen ya yage ta a ƙafa, aka shafa mata toka aka bar ta a gida, sai da maƙwabta suka matsa aka kai ta asibiti. Yanzu wasu matasa sun fara maganar zuba masa guba, alhali karen na wani ɗan gari ne daga cikin masu masaukinmu.

Abubuwa uku ke cikin haɗari a nan: lafiyar jikinmu, sana'ar da muke ci da ita, da zaman lafiyarmu da mutanen da suka karɓe mu. A kansu wannan darasi zai yi magana.

Me ya sa kare ke bin babur?

Halin kare ne ya bi abin da ke gudu. Haka kuma yana tsaron wurin da ya ɗauka nasa ne: ƙofar gida, garken dabbobi, ko jujin da yake samun abinci. Idan babur ya zo da ƙara, kare ya yi haushi ya bi shi, sai babur ya wuce abinsa. A ganin karen, shi ne ya kori baƙon. Gobe zai sake, jibi zai ƙara ƙaimi, har abin ya zame masa sabo. Wato duk lokacin da muka ba babur wuta muka tsere da tsoro, ƙara koya masa muke yi.

Akwai abubuwan da ke ƙara masa faɗa: karya mai shayar da ƴaƴanta, yunwa, rauni a jiki, da jifa ko tsokanar da yara ke yi masa. Karen da ya saba shan dutse daga hannun mutane, kowa ya gani abokin gaba ne.

Ga mai tuƙa babur

Sau da yawa faɗuwa ta fi cizon muni, domin karaya ko buguwar kai na iya nakasa mutum. Saboda haka:

1. Da ka hango kare, ka rage gudu tun daga nesa, ka sauko da giya, ka riƙe kan babur da hannu biyu.
2. Kada ka kai masa shuri. Ƙafa ɗaya a sama cikin rairayi faɗuwa ce, kuma ka miƙa masa ƙafar da zai kama.
3. Kare kan auna inda zai tare ka ne. Idan ka taho a hankali har ka kusa da shi, sannan ka ƙara wuta daidai gwargwado, lissafinsa ya ɓaci, sai ka wuce. Amma wannan sai in hanya ta buɗe, babu yara, babu dabbobi, babu rami.
4. Idan hanya a cunkushe take, ko karen ya riga ya iso, ka tsaya cak. Ka sauka ta ɓangaren da ba ya nan, babur ya zama shinge tsakaninku. Kada ka zura masa ido, kada ka yi ihu. Yawancin karnuka in abin bi ya tsaya, sai su huce su koma.
5. Ka gaya wa fasinja tun kafin ku isa wurin: ƙafa a kan mataki, ba tsalle, ba kururuwa. Mata su tattare zane da hijabi, kada taya ta kama su.
6. Ka sa hular kwano da rufaffen takalmi da dogon wando. Silifa ba ya tsare ƙafa daga haƙori, ba ya tsare ta daga zafin salansa.
7. In akwai wata hanya, ka bi ta har a warware matsalar, musamman da asuba da almuru.

Abin da za mu koya wa yara

Yara ne suka fi shiga haɗari, domin su ke zuwa ɗibar ruwa da itace, kuma fuskarsu da wuyansu na kusa da bakin kare. Mu koya musu waɗannan har su haddace:

Idan kare ya nufo ka, kada ka gudu. Ka tsaya kamar itace, hannuwa a jikinka, ka kalli ƙasa. In ya kayar da kai, ka dunƙule, ka rufe fuska da wuya da hannuwanka. Kada ka jefi kare, kada ka taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada ka ɗauki ɗan kwikwiyo a gaban uwarsa.

Mafi muhimmanci, mu gaya musu cewa in kare ya cije su ko ya yage su, su faɗa mana nan take, ba za a doke su ba. Yaron da ke tsoron bulala yakan ɓoye ciwo, kuma wannan ɓoyon na iya zama ajalinsa.

Idan cizo ya faru

Babban abin tsoro a cizon kare shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga ta rauni, ta bi jijiya har ta kai ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kusan mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

Ciwon ba ya bayyana nan da nan. Yakan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako 1 kacal, wani lokaci har shekara. Rauni zai warke, mutum ya manta, sannan zazzaɓi ya fara, da ruɗewa, da tsoron ruwa. Idan alamun nan suka bayyana, kusan babu mai tsira. Amma in an ɗauki mataki tun ranar cizon, ana tsira. Ga matakan:

1. A wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara shi a kai, har tsawon minti 15. Mun san wahalar ruwa a nan, amma wannan jarka ɗaya ta fi kowace daraja.
2. In akwai aidin, a shafa bayan wankin.
3. Kada a sa toka, barkono, ƙasa, baƙin mai ko garin magani. Ba sa kashe ƙwayar cutar, sai dai su ƙara lalata raunin. Kada kuma a ɗaure shi tamau.
4. A tafi asibiti a ranar, ko da ƙaramin yagi ne, ko kare ya lashi wurin da fata ta buɗe. In babu allurar a asibitin da ke kusa, a nemi takardar da za a kai wani asibitin, kada a koma gida a zauna.
5. Allurar ba guda ɗaya ba ce. Ana yin ta a ranar farko, da rana ta 3, da rana ta 7, wani tsarin kuma akwai ƙari bayan haka. A riƙe katin, a cika duk ranakun da likita ya rubuta. In raunin ya yi zurfi, akwai wata allurar ta daban da ake yi a kewayensa, kuma likita zai duba batun allurar tetanus.
6. Mai ciki, mai shayarwa da jariri duk ana yi musu wannan allura.

Wannan rigakafi ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1885 wani masani a Faransa mai suna Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya cija, yaron ya rayu. Don tunawa da shi ne ake ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara domin faɗakarwa kan wannan ciwo.

Ba kowane kare mai faɗa ne mahaukaci ba

Karen da ya yi watanni yana bin babura a kwana ɗaya, yana ci yana sha, galibi sabo ne ke damunsa. Mahaukacin kare halinsa kan sauya ne farat ɗaya: dalala, cizon duk abin da ya gani, sauyin murya, tangaɗi, ko muƙamuƙi ya saki. Wani kuma sai ya yi laƙwas ba ya haushi. Duk wanda ya ga irin wannan ya janye yara, ya sanar da shugaban unguwa, kada ya yi ƙoƙarin kamawa.

Idan karen da ya yi cizo yana da mai shi, a tsare shi a wuri guda, ana ba shi ruwa da abinci, ana lura da shi kwana 10. Karen da cutar ta kai yawunsa ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna alama ko ya mutu ba. Amma kada a jira su cika kafin a fara allura. Likita ne kaɗai zai ce a dakata.

Yadda za mu warware matsalar a unguwa

Guba ba mafita ba ce. Abincin da aka sa wa guba, yaro na iya ɗauka, kaji da awaki na iya ci. Kashe karen wani a ɓoye kuma yana iya tayar da rigimar da ta fi ƙarfin kare. Makiyayi ko manomin da ya ajiye kare, don tsaron dukiyarsa ya ajiye shi, kuma mu da muka baro gidajenmu saboda rashin tsaro mun fi kowa sanin darajar wannan.

Ga hanyar da muke ba da shawara a bi. Wanda abin ya shafa ya kai magana wurin shugaban unguwa, ya faɗi wuri da lokaci da abin da ya faru. Shugaban unguwa ya ɗauki dattijo ɗaya ko biyu su je wurin mai karen, ko wurin maigari, su yi sallama, su yi magana cikin mutunci. Abin da za a roƙa a fili yake: a tsare karen a cikin gida ko a ɗaure shi a inuwa da ruwa a lokutan da hanya ke cika, a matsar da makwancinsa daga bakin hanya, a kuma kai shi wurin ma'aikatan kula da dabbobi a yi masa allurar rigakafi. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar ciwon takan tsaya.

In karen ba shi da mai shi, a sanar da ofishin sansani domin a kira ma'aikatan dabbobi. Mu kuma namu aikin shi ne mu daina zubar da ragowar abinci da ƙasusuwa a bakin hanya, kusa da famfo ko bayan rumfar mahauta. Inda babu abinci, kare ba ya kafa zango.

Tambayoyin tattaunawa a gida da majalisa

1. A wane wuri ne a unguwarmu kare ya fi tare masu babur, kuma me ke jawo shi wurin?
2. Ƴaƴanmu sun san yadda za su tsaya in kare ya nufo su? Mu gwada da su yau.
3. Minti nawa ake wanke cizon kare, kuma da me?
4. In aka ciji wani da dare, wa zai kai shi asibiti? Mu tsayar da mutum tun yanzu.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu.