Na'urar da ta ƙi maimaita talla

Wasiƙa: Mai wannan wasiƙa ɗan tireda ne da ke neman a raba masa gardama da wani mai gyaran rediyo, wanda ya karɓi kuɗinsa bisa alkawarin cewa 'yar na'urar naɗar murya da ya sayo za ta riƙa maimaita tallan kayansa ba tsayawa, amma sai ya ɗaure maɓallin kunnawa da roba kawai, ta yi magana sau ɗaya ta yi shiru. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mai gyaran ɗan unguwarsu ne, masallaci ɗaya suke salla, kuma da aka mayar masa da aikin sai ya ce a gaban jama'a wai kayan arha ne. Shin ya kai shi wurin mai unguwa?

Amsa: Malam mai wasiƙa bai faɗi sunan na'urar ba, kuma da alama bai duba rubutun da ke jikinta ba, wanda shi ne halin da wannan fili ya daɗe yana kuka da shi, wato a sayi kaya a miƙa wa mai gyara ba a karanta ko harafi ba. Zancen mai unguwa a ajiye shi.

Bisa kwatancen da aka yi, na'urar ISD1820 ce, mai aiki da volt 3 zuwa 5, wadda ke riƙe magana ta kusan daƙiƙa 10 ko an cire mata batir. Maɓallanta na kunnawa biyu ne: PLAYE yana jin lokacin dannawa ne kaɗai, shi kuwa PLAYL yana aiki muddin ana riƙe da shi, amma shi ma yana tsayawa idan saƙon ya ƙare, saboda haka roba ba za ta taɓa haifar da maimaici ba. Sirrin yana ga jar fitilar naɗi, domin ƙafar da ke kunna ta tana yin ɗan bugun wuta a ƙarshen kowane saƙo, kuma idan aka haɗa ƙafar da PLAYE sai bugun ya zama sabon dannawa. Yawancin allunan suna zuwa da wannan mahaɗi a shirye, an rubuta P-E a gefensa, ɗan murfin roba kawai ake matsarwa ya haɗa ƙafafun biyu. Maƙwabcinsa FT ba na maimaici ba ne, yana kai sautin makirfo ne kai tsaye ga lasifika.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce ko za a ji tallan a hayaniyar kasuwa, domin 'yar lasifikar rabin wat ce. Sai an ƙara amfilifaya, wato mai ƙara ƙarfin sauti, irin LM386, a ɗauki sautin daga ƙafar lasifika ta SP+ ta cikin kafasita, kada kuma a haɗa SP- da wayar ƙasa, don ita ma wuta take fitarwa, haɗa ta na iya ƙone na'urar.