Darasin Mako: Tarin da ya wuce mako biyu

Tun da hunturu ya shigo, kowa na jin yadda tari ke tashi a sahu, har wani lokaci karatun liman ba ya fita sosai. Yawancinmu sai mu ce ai ƙura ce, mu biya kemis mu sayi maganin tari mu koma rumfa. Sau da yawa ƙurar ce. Wani lokacin kuma huhu ne ke neman agaji.

Akwai likitoci da suka ƙware a kan huhu da hanyoyin numfashi kawai. Su ke duba masu asma, da tarin fuka, da limoniya, da waɗanda hayaƙin itace ko taba ko ƙurar hatsi ya cinye musu ƙirji a hankali. Sukan saurari ƙirji, su sa a ɗauki hotonsa, a gwada kaki, wani lokaci a ba mutum bututu ya hura da ƙarfi don a auna iskar da huhunsa ke fitarwa.

Yaushe za mu je? Idan tari ya kai mako biyu bai tafi ba. Idan akwai jini a kaki. Idan ana zufa da dare, ga zazzaɓi, ga rama. Idan ɗaukar buhu ko 'yar tafiya zuwa masallaci ta fara sa haki, ko ƙirji na fito da dare. Yaron da ke numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa kuwa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Ba sai mun fara da babban asibiti ba. A fara da asibitin gwamnati mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su rubuta takarda zuwa Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Modibbo Adama da ke Yola, wanda muka saba kira FMC.

Mu sani, gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Maganin wata 6 ake sha kullum. Mu 'yan kasuwa a nan muke faɗuwa: mutum ya ji sauƙi a wata na biyu, tafiyar Mubi ko Garwa ta taso, sai ya ajiye ƙwayoyin. Ciwon kan dawo, wani lokaci ya daina jin maganin farko. Kafin tafiya a gaya wa ma'aikacin lafiya, a tafi da magani a jaka.

Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, mu kuwa kafaɗa da kafaɗa muke tsayuwa, ɗaki ɗaya muke kwana da iyali. Wanda aka same shi da shi ya kai mutanen gidansa a duba su. Mu kuma kada mu guje shi, ciwo ne da ake warkewa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ne. Amin.

Sakataren Masallaci