Abin da Ke Kashe Ƙasar Noma

Sau da yawa akan ji manomi yana cewa gonarsa ta mutu, inda ubansa ke cika rumbu biyu, shi ɗaya ma ya gagara. To, jama'a su sani gona ba ta mutuwa haka kawai. Ƙarfinta duka yana cikin 'yar ƙasar nan ta sama wadda garma ke juyawa. In ta tafi, albarka ta tafi.

1. Iska da ruwa

Yawancin ƙasar Arewa jigawa ce, ba ta da danƙo. In rani ya yi ta bushe, iska ta kwashi lallausar ta bar rairayi. Ruwan fari kuma ya sauko da ƙarfi a kan fili tsirara, ya wanke taki, ya haƙa kwazazzabai. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe itatuwa da ciyawa masu yawa. A wajen Yusufari ta Jihar Yobe, tuddan rairayi sun binne gonaki.

2. Hannun mutane

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A da, in gona ta gaji, akan bar ta saura shekaru, ta huta. Ƙidayar 1963 ta sami mutum miliyan 55 da 'yan kai a Nijeriya, ta 2006 kuwa miliyan 140. Gado ya rarraba gonaki, ba mai iya barin tasa ta huta. Rashi ya sa ana sare itace don girki da gawayi, ana kwashe kara da harawa ƙaf bayan kaka. An nome burtali, dabbobi suka taru wuri guda suna cinye ciyawa har saiwa. Ga kuma ƙunar daji don farautar gafiya.

3. Darasi daga Maraɗi

A Nijar, tun zamanin mulkin Faransa, doka ta mai da itatuwan gona na hukuma. Manomi kuwa ba ya renon abin da ba nasa ba, sai ya sassabe tsiro tun yana ƙarami. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture, suna rage rassa, suna kiwon masu ƙarfi. Hukuma kuma ta sassauta, itace ya zama mai amfanin wanda ya rene shi. Ta haka fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo a ƙasashen Maraɗi da Damagaram. Gawo na cikin itatuwan da suka fi yawa, domin yakan zubar da ganye da damina, ya ba da taki, bai kuwa tare wa gero rana ba.

Saboda haka, kowane mai gona ya bar kara ya rufe ƙasa da rani, ya reni tohon da Allah ya fitar masa, ya kuma girmama burtali. Masu unguwanni su karanta wa jama'arsu wannan takarda kafin lokacin sassabe.