GARI YA ISKE GONA

A ƙidayar shekara ta 1977, mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17. Jama'a ta ƙaru, garuruwa sun buɗe. A Tasawa, Madawa, Mirya ko Dogonduci, gonar da a da ake zuwa bisa jaki, yau gidaje sun kai bakinta.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Wanda ya sayi fili ya gina kusa da garka sai ya fara kuka. Ya ce warin taki ya hana shi cin tuwo. Ya ce injin ban ruwa ya hana shi barci. Ya ce ƙaiƙayin sussuka yana shiga idon ƴaƴansa, hatsi kuma yana tara sauro. Daga nan sai ƙara. Manomin da ya gaji gonar daga kakansa sai ya ji ana cewa ya tashi.

Mi doka ta ce?

Ran 2 ga watan maris 1993 gwamnati ta kafa dokar karkara, wadda ake kira Kod Rural. Dokar ta ce hakkin da mutum ya samu bisa al'ada da wanda ya samu bisa takarda, kariyarsu ɗaya. Ke nan gonar gado gona ce a gaban hukuma. Maƙwabci ba shi da ikon tashin manomi don ya ce an dame shi. Ko gwamnati, in za ta karɓi gona don aikin jama'a kamar hanya ko lakwal, dokar 24 ga nuwamba 1961 ta ce sai an biya mai ita diyya.

Amma gadon baki yana da rauni. Tsofaffin da suka san iyaka suna mutuwa, sababbin zuwa kuwa takarda suke riƙe da ita. Shi ya sa aka kafa kwamitin ƙasar noma, ana ce da shi Kofo. Akwai na ƙauye, akwai na kwamin, akwai na departama. A na ƙauye mai gari ne shugaba, tare da wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Sakatarensa dole ya iya karatu da rubutu. Ga amfanin yaƙi da jahilci. Manomi ya je da shaidunsa da masu iyaka da shi. A zagaya gonar, a rubuta, a ba shi takardar shaidar mallaka ta gargajiya. Haka ma saye, kyauta, aro, haya da jingina, kowane da takardarsa. Mai aro shi ya fi kowa zama cikin haɗari, don ranar da filin ya yi tsada, mai shi yakan tuna da abinsa.

Idan ƙara ta taso, ba a farawa da alƙali. Ana fara zuwa wurin mai gari, in ta gagara a wuce gun sarki. Su aikinsu sulhu. Ko an shirya ko ba a shirya ba, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. Sai da ita ake zuwa kotu.

Takarda tana tsare gona, amma ba ta toshe hancin maƙwabci. Wani kukan gaskiya ne. Tulin ɗanyen kashin shanu a gindin katangar mutum yana kawo ƙuda, ƙuda kuma suna kawo zawo ga yara. Magani kuwa ba shi da tsada. A gina rami nesa da gidaje da rijiya, a zuba taki da kara da toka, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa. A riƙa juya shi bayan kwana 15. Cikin wata 2 ko 3 ya ruɓe, wari ya tafi, kuma ya fi ɗanyen amfani ga shuka.

Batun sauro, a gane shi da kyau. Hatsi ba ya haihuwar sauro, inuwa kawai yake ba shi. Cikin ruwa kwance sauro yake ƙwai, kuma kwana 10 sun ishe shi ya tashi. Sai a duba kududdufin bakin rijiya, tsohuwar taya da fasasshen tulu, na garka da na gidan mai ƙarar. Wanda gonarsa ta haɗa katanga da gidaje yana iya sa gujiya ko wake a layin farko, dogon hatsi daga baya.

Feshin maganin ƙwari kuwa babu sassauci a kansa. A yi shi da sassafe lokacin da babu iska, a gaya wa maƙwabta tun jiya su rufe randa su tsare yara da awaki. Kwalbar maganin in ta ƙare a huda ta, kada wani ya ɗauka ya zuba mai ko ruwan sha.