Barkwanci Tsakanin Hausawa Kirista

Manazarta al'ada kan tsallake Hausawa Kirista idan ana zancen barkwanci, alhali sauya addini bai kashe wasan ba. A Wusasa ta Zariya, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929, da ƙauyukan Maguzawan kudancin Kano, taubashi yana nan yana tsokanar taubashinsa, kaka kuma tana kiran jikanta mijinta. Idan Bakano da Bazazzagi suka haɗu bayan sujada, kowanne sai ya ce ɗayan bawansa ne.

Sai dai wasan yana da iyaka: ba a yinsa da suruki, ba a kai shi cikin addu'a, wanda ya fusata kuwa shi ya faɗi. Ashe ke nan tushen barkwanci zumunta ne, ba aƙida ba.