DARASI: KAFIN KU SAYI KWAMFUTA



Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda ake ce ma ordinatar, ta fara shigowa ƙauye. Ƙungiyar manoma tana so ta rubuta lissafin taki da iri. Ɗalibi mai tafiya jami'ar Yamai ko ta Maraɗi yana roƙon uba ya saya mishi. Amma kuɗinta kuɗin buhunan wake ne da albasa. Wanda ya saya da ka, gumin damina ya zubar. Don haka mu karanta wannan darasi a hankali.

1. Wane aiki za ta yi?

Ku fara da wannan tambaya. In don kiran ƴan'uwa ne da aika murya, waya ta isa. In akwai rubuta wasiƙa, da rajistar ƴan ƙungiya, da lissafin kanti, to kwamfuta tana da amfani. Irin wannan aiki ba ya bukatar mai tsada.

2. Abu uku na cikinta

Na farko ƙwaƙwalwa. A jikin kwamfuta ana rubuta sunanta, misali Intel Core i5-8250U. Ku dubi lambar da ke bayan ɗan layi. In ta fara da 8, ko 9, ko 10 zuwa sama, to madalla. In ta fara da 2, 3 ko 4, tsohuwa ce ƙwarai.

Na biyu RAM. Shi kamar tabarmar shanya ne: in tana da faɗi, aiki ya yi sauri. Ana auna shi da giga. Giga 4 kaɗan ne, ku nemi giga 8.

Na uku rumbu, inda ake ajiyar takardu da hotuna. Iri biyu ne. HDD yana da faifai mai juyi, ba ya son girgizar babur da amalanke. SSD ba shi da abin juyi, ya fi sauri, ya fi jure hanya. SSD mai giga 256 ya isa aikin ƙungiya.

3. Windows

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Ku tambayi mai sayarwa ko kwamfutar tana ɗaukar Windows 11. Da yawa daga cikin tsofaffi ba su ɗauka.

4. Haruffa

Wadda ta fito Faransa, layin haruffanta na sama yana farawa da AZERTY. Wadda ta biyo ta Kano, sau da yawa QWERTY ce. Mai rubuta faransanci ya fi jin daɗin ta farko. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, ba a zana su a kan maɓallai ba, amma ana iya saita kwamfuta ta rubuta su. Ku ce a gwada muku.

5. Wuta

In babu kuran a garinku, ku yi tunanin wuta tun kafin ciniki. Yawancin caja suna jan wat 45 zuwa 65. Ƙaramin sola na fitila da waya ba ya ɗaukar wannan. Ku duba bakin caja kuma: namu mai hanci biyu ne zagayayyu, na Najeriya mai uku ne.

6. Ranar saye

Ba a cinikin biri a sama. Ku tafi da wanda ya san kwamfuta. A kunna ta gabanku. A cire caja, ku zauna rabin awa ku ga yadda batir yake sauka. Ku taɓa kowane harafi. Ku duba gilashi, kada a samu tsagi ko tabo. In ta hannu ce, a tabbatar babu kalmar sirri ta tsohon mai ita. Ku karɓi takardar saye mai ɗauke da lambar kwamfuta, da kwanan wata, da kwanakin da za a iya maido ta. Mai sayarwa da ya ƙi ba da takarda, ku bar mishi kayanshi: wataƙila na sata ne.

7. Bayan saye

Ƙura da zafi su ne abokan gabanta. Kada a aza ta bisa katifa ko yashi, don ta ƙasa take shan iska. Lokacin hunturu a sa ta cikin jaka. Kuma kada ƙungiya ta jefar da littafin rajista. Kwamfuta takan mutu, takarda tana nan.

TAMBAYOYI

1. Wane rumbu ya fi jure hanya?
2. Me ya sa za a cire caja lokacin gwaji?
3. Lissafi: ƙungiya mai mutum 30 tana son kwamfuta ta jikka 135 da jaka ta jikka 15. Jikka nawa kowa zai ba da?

Ku tattauna da malaminku, ku aiko mana da amsa.