Darasi: Shin kafeyin zai maye gurbin sitaci ga ɗan gudun fanfalaki?

Masu amfani da agogon hannu na motsa jiki sun saba ganin adadin kalori da kitsen da wai suka ƙone. A yau za mu duba abin da ke faruwa a jikin ɗan gudu ko ɗan tseren keke da ya rage cin sitaci, sannan ya sha kafeyin, wato sinadarin da ke cikin kofi, shayi da goro.

Man da jiki ke ƙonawa

Jiki na aiki da mai iri biyu: kitse, da sitacin da ya adana a hanta da tsoka, wanda ake kira gilaikojin. Mai bin tsarin keto yana cin ƙasa da giram 50 na sitaci a rana don jikinsa ya saba da ƙona kitse. Sai dai kitse ya fi cin iska: kowace lita ta oksijin tana ba da kilokalori kusan 5.0 daga sitaci, amma kusan 4.7 daga kitse. A binciken da Louise Burke ta jagoranta a Ostireliya, wanda ya fito a 2017, 'yan gasar tafiya da sauri da suka yi mako uku kan keto sun ƙara ƙona kitse sosai, amma lokacinsu a kilomita 10 bai inganta ba kamar na waɗanda suka ci sitaci.

Aikin kafeyin

A 1978, David Costill a Amurka ya nuna cewa 'yan keke sun fi daɗewa suna tuƙi bayan shan kafeyin. A lokacin an ɗauka yana sa jiki ya ƙona kitse ya bar gilaikojin. Binciken baya ya nuna babban aikinsa a ƙwaƙwalwa yake: yana toshe hanyar adinosin, sinadarin da ke kawo jin gajiya. Don haka mai keto zai ji gudun ya yi masa sauƙi, amma kafeyin ba zai dawo da gilaikojin da ya ƙare ba, kuma ba zai rage iskar da kitse ke buƙata ba.

Lissafin adadi

Nauyinka a kilo sau miligiram 3 zuwa 6, awa ɗaya kafin fara gudu. Mai kilo 60 zai fara da miligiram 180, kusan kofuna biyu na kofi. Hukumar kula da abinci ta Turai ta ce miligiram 400 a rana shi ne iyakar da ba ta da illa ga babba mai lafiya. Rabinsa na nan a jini bayan kimanin awa 5, shi ya sa shan na yamma ke hana barci. Tun 2004 hukumar WADA ta cire shi daga jerin haramtattun ƙwayoyi.

Me agogonka ke nunawa?

Agogo ba ya auna kitsen da ka ƙone. Hasashe yake yi daga bugun zuciya, shekaru da nauyi. Ainihin awon sai da takunkumin da ke auna numfashi a ɗakin gwaji. Abin da ya fi amfani shi ne ka kwatanta lokacinka a hanya ɗaya, ranar da ka sha da ranar da ba ka sha ba.

Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga ya tuntuɓi likita tukuna. Sai mun haɗu a darasi na gaba.